Igiyar da Ba a Ja

Litinin, 7 ga Oktoba

Sun kai Myrtle Tsallake yau, ginin baya inda ake jinyar waɗanda ƙarfinsu ya ƙare. Babu wanda ya gaya mana, kamar kullum. Mun sauko cin abincin rana muka tarar an cire katin sunanta daga teburinmu, an goge wurin tas. Bernice ta ce, "Ƙugunta ne," sannan ta ce in miƙo mata gishiri. Maganar Myrtle ta ƙare ke nan, matar da muka yi shekara uku muna cin abinci kafaɗa da kafaɗa.

Da muka hau sama mijina Orval ya tambaye ni ko za mu je duba ta. Na ce za mu je. Ni da shi mun san ba za mu je ba. Mutanen ginin gaba ba sa bin dogon barandan nan mai gilashi sai in turo su aka yi a keke.

Na daɗe ina kallonsa yana fama da maɓallin rigarsa. Ban sa masa hannu ba, ya tsani haka. Makyarkyatar hannunsa ta ƙaru tun watan Yuli.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Corinne ta bugo daga Phoenix. "Mama, ya jikin Baba?" Na ce garau, yana can yana kallon wasa. Ta ce, "Hankalina a kwance yake tunda kuna can, in wani abu ya faru akwai masu kula."

Eh, 'yata. Mun sayar da gidanmu na Wausau muka shigo gidan tsofaffin nan, suka yi alkawarin riƙe mu har kabari. Abin da ba su buga a takardar talla ba shi ne, su ke faɗin ranar da mutum zai bar ɗakinsa da kicin ɗinsa da makullinsa ya ƙetara inda ake yi masa wanka. Kuma mata da miji ba sa ƙetarawa tare. Mai ƙarfi ya zauna nan, marar ƙarfi ya tafi can.

Ban gaya mata wannan ba. Nata ma ya ishe ta.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ya faɗi a banɗaki muna shirin coci. Ƙarar kawai na ji. Na same shi a rigingine tsakanin baho da bango, jar igiyar neman agaji tana lilo a saman kansa. Ya miƙa hannu zai kama ta, na kaɗe hannun.

"Kada ka kuskura."

Kowa a ginin nan ya san igiyar nan. Ka ja ta, Nas Tillery ta zo da murmushinta, ta ɗaga ka, ta auna jininka, ta koma ofis ta rubuta. In rubutun ya taru sai a kira zama a kanka. Myrtle mai bin doka ce, duk faɗuwar da ta yi sai da ta ja. Ga inda bin doka ya kai ta.

Shekara talatin ina tuƙa motar 'yan makaranta, na san yadda ake cicciɓar yaron da ya ƙi sauka. Amma Orval ba yaro ba ne, ƙato ne da ya yi shekarun aikinsa a masana'antar cuku yana ɗanɗana abin da suke yi. Da ƙyar na juya shi ya durƙusa, na zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa. Muna cikin wannan hali ya ce, "Verna, tun ranar ɗaurin aurenmu ba ki rungume ni haka ba."

Na ce, "Rufe min baki ka ɗaga ƙafa."

Ba mu je coci ba. Na gaya wa fasto mura ce.

Laraba, 16 ga Oktoba

Bayana kamar an daka. Na sha ƙwaya biyu ban gaya masa ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Jiya ya sake faɗuwa, wannan karon goshinsa ya kumbura ya yi baƙi. Na shafa masa hodata, ba ta rufe ba.

A ɗakin cin abinci ba a shiga da keken dogarawa, wai yana tare hanya. A bakin ƙofa ake ajiyewa, kowa ya taka da ƙafarsa zuwa teburinsa. Wanda ya kasa, to ya san inda zai ci. Ni kuwa sai in saƙala hannuna a nasa in matse shi a jikina mu tafi a hankali. 'Yan matan da ke raba abinci har cewa suke, "Ku dubi masoyan nan." Ba su san ɗauke da shi nake ba.

Muna zama Harlan Dietz ya ƙura wa goshin ido. Harlan maƙwabcinmu ne, bango ɗaya ya raba mu, tsohon kocin kokawa a makarantar sakandare, matarsa ta rasu. Ya haura tamanin amma har yanzu ƙirjinsa ke riga shi shiga ɗaki. Ya ce, "Ƙofar kabad ce ko, Orval?"

Orval ya ce, "Ita ce."

Bernice ta ce, "Kabad ɗin ginin nan mugaye ne. Ni ma nawa ya taɓa kayar da ni bara." Duk teburin aka yi dariya, aka ci gaba da cin dankali. Haka muke yi. Ba wanda ya ga komai, ba wanda ya ji komai. Na ji daɗinsu yau har hawaye ya so zubo min.

A cikin lif Harlan ya sunkuyo ya ce, "In tsohon nan ya sake kama kokawa da kabad, buga min bango. Aikina ne raba faɗa."

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ranar soyayyen kifi. Na fi son Juma'a don ba a buƙatar cokalin miya. Na daina bari ya karɓi miya a ƙasa, rabinta a rigarsa take ƙarewa. Ni ma na daina karɓa don kada a lura. In yarinyar ta juya baya sai in yanka masa kifin da sauri in tura farantin gabansa.

Tillery ta tsaya a teburinmu. "Mista Halvorsen, kwana biyu ban gan ka a ajin motsa jiki ba."

Na ce ai a ɗaki yake yi, ni nake sa shi.

Ta ce, "Shi na tambaya, Misis Halvorsen." Da murmushi fa.

Yarinyar da na tabbata na girmi uwarta. Da a motata ce da ta sauka a mahaɗar farko. Na haɗiye, na yi mata murmushi nima. Orval ya ɓoye hannunsa a ƙarƙashin teburi ya ce yana nan zuwa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na buga bangon. Harlan ya shigo da silifas ɗinsa, ya dubi Orval a kwance a tsakar falo ya ce, "Halvorsen, bayanka ya taɓa ƙasa, ka sha kaye. Tashi mu sake zagaye." Ya nuna masa inda zai kafa gwiwa, ya kama shi ta ɗamara, sai ga shi a tsaye. Abin da ke cin rabin safiyata.

Na buɗe musu giya, suka zauna suna gardamar ƙwallo kamar ba abin da ya faru. Rabon da in ji dariyar Orval haka na manta. Na tsaya a kicin na ce a raina, za mu iya. Da ni da Harlan za mu iya kai shi har bazara.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ina yanke masa farce ya ce yana so ya je ya ga Tsallake. "In gani kawai."

Na ce ba abin gani a can.

"Ke kin taɓa zuwa?"

Na ce ba sai na je ba. Ya ce shi ne mai faɗuwa, ba ni ba, ya kamata a ce yana da bakin magana. Raina ya ɓaci, na ce masa shekara hamsin da shida ban taɓa kwana a wani gini yana wani ba sai lokacin haihuwar Corinne, ba kuma zan fara yanzu don ya gaji ba. Na ce in yana son a riƙa ɗaura masa ƙyalle a wuya ana ce masa "yauwa, ka yi ƙoƙari" in ya cinye abincinsa, to sai bayan raina.

Ya miƙo ɗaya hannun na ci gaba da yankewa.

Tsoro nake ji. A nan kaɗai zan iya faɗa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Da safe ya faɗi a lungun da ke tsakanin gado da bango, wurin ba fili. Na buga wa Harlan. Ya zo yana tsokana kamar kullum, ya sunkuya ya kama ɗamarar, ya ɗago shi har rabi. Sai na ji wata 'yar ƙara, kamar an karya busasshen kara. Harlan ya saki Orval, shi ma ya zube a gefensa. Fuskarsa ta yi fari fat.

Tsofaffi biyu a ƙasa, ni a tsaye a kansu. Akwai igiya a kan gadon ma. Na nufe ta, Allah ya sani na nufe ta. Harlan ya ce, "Verna, kada ki ja a nan. In aka same ni a ɗakinku an kama mu duka."

Orval ya ce, "Ja, Verna."

Harlan ya ce, "Kai yi shiru, kai ka jawo mana wannan."

Ban ja ba. Na leƙa baranda ba kowa, na riƙe ƙofa, Harlan ya fita da rarrafe. Kocin kokawa, da rarrafe, yana cije leɓe. Na buɗe masa ƙofarsa ya shiga ya kai kansa har banɗakinsa ya ja tasa igiyar. Ta bango na ji yana gaya musu wai akwatin littattafai ya ɗaga.

Orval ya wuni a ƙasa. Na sa masa matashi, na lulluɓe shi, na ba shi burodi da cuku a kwance. Da ya matsu na kawo masa kwalba. Sai yamma ya samu ya ja jiki ya dafa gado ya hau. Ya kwanta ya juya min baya.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ƙashin baya ne ya tsage. Harlan yana asibiti. A teburi aka ce, "Akwatin littattafai," aka jinjina kai. Harlan da ba ya karanta komai sai shafin wasanni.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Bernice ta ritsa ni a ɗakin wanki. Ta jira injin ya fara ƙara sannan ta ce, "Kabad ɗinku ya ci mutum biyu yanzu, Verna."

Na ce ban san me take nufi ba.

"Ni za ki yi wa wannan? Ni na koya miki." Ta ce ita ma haka ta yi da mijinta Floyd kafin mu zo, ta ɓoye shi har ya karya ƙugu a hannunta, bai ƙara takawa ba. Ta ce ba za ta kai ƙara ba, ba a yin haka a teburinmu, amma kada in sake in buga bangon kowa.

Na ce mata ta ji da wankinta. Da na hau sama na shiga banɗaki na buɗe famfo na yi kuka. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na tsane ta yau.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ranar bikin Godiya na shekara. Ban ga abin godewa ba.

Daga asibiti Tsallake suka wuce da Harlan kai tsaye. Wai na ɗan lokaci. Kowa na ɗan lokaci ne. An cire katinsa. An kawo talo-talo da kek ɗin kabewa, Orval ya ture farantin ya ce, "Ki kai ni wurin Harlan, ko in tafi da kaina in faɗi a hanya kowa ya gani."

Na kai shi. Barandan bai kai tsawon da nake zato ba. Wurin fes yake, ba wari, ban ma san me na yi tsammani ba. Talabijin a kowace kusurwa, ba mai kallo. Harlan yana kan keke an ɗaure masa ƙirji da wani abu mai tauri. Ya rame cikin mako biyu, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Kada ku yi min wannan fuskar. Abincin ɗaya ne, sai dai a nan sun tauna maka." Ya yi dariya, dariyar ta yi masa ciwo ya daina.

Na ce, "Harlan, ni ce..." Ya ɗaga hannu. "Akwatin littattafai ne, Verna." Ya ce likita ya ce wataƙila ya taka da keken dogarawa zuwa watan Maris. Bai ce zai dawo ginin gaba ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ɗansa zai zo ya kwashe kayan ɗakin.

Muna fita muka ga Myrtle a bakin taga. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ashe kun san hanya."

Talata, 3 ga Disamba

Ya ja.

Ina kicin ina haɗa kofi na ji faɗuwar. Na ajiye buta ina jiran ya kira sunana kamar kullum. Bai kira ba. Sai na ji ƙaramar ƙarar nan a bango. Kafin in isa, igiyar tana cikin hannunsa ya naɗe ta a yatsu, don kada in ƙwace.

Tillery ta zo da wani ƙato, suka ɗaga shi kamar ba komai. Ta ɗage rigarsa ta ga bayan. Sabon tabo, tsohon tabo, kore, rawaya. Murmushin ya tafi. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na buɗe baki, Orval ya riga ni. "Tun Oktoba. Kada ki yi mata faɗa." Bai ambaci Harlan ba. Ta dubi bangon da ya raba mu da ɗakin Harlan, ta dube ni, ba ta tambaya ba.

Da suka fita na ce, "Don me, Orval? Don me za ka yi mana haka?"

Ya ce, "Na gaji da kwanciya a ƙasa, tsohuwa. Kuma ke ce ta gaba da za ta karye."

Na ce masa maci amana. Na faɗa, ba zan ɓoye ba. Wata biyu ina karya bayana a kansa, ya zubar da shi da yatsa biyu.

Litinin, 9 ga Disamba

An yi zaman. Tillery, likita, wata mai kula da walwala, da Corinne a fuskar kwamfuta tana kuka. "Mama, me ya sa ba ki gaya min ba? Kullum ki ce garau." Na ce da na gaya miki me za ki yi daga Phoenix, ki ɗaga shi ta waya?

Na yi musu irin muryar da nake yi wa yaran kujerar baya a motata. Na ce mijina ne, ni na san shi, ni na san yadda yake son ƙwansa. Suka bar ni na gama, suna gyaɗa kai. Ka fi jin haushi in mutum yana gyaɗa maka kai. Sannan likitan ya juya ga Orval ya tambaye shi ra'ayinsa. Ya ce, "Ku kai ni."

Ranar Alhamis za a kai shi.

Alhamis, 12 ga Disamba

Ni na tura keken da kaina, ban bar ƙaton ya taɓa ba. Mutanen ginin gaba da muka haɗu da su a hanya duk sun sami abin kallo a bango. Tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Na jera masa kayansa, na kafa hoton Corinne, na gaya wa yarinyar da ke wurin cewa ba ya son a taimaka masa da maɓalli. Ta ce, "To, za mu kula da shi sosai," tana ɓalle masa maɓallin.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na dafa kofi kofi biyu. Na zubar da ɗaya.

Laraba, 25 ga Disamba

Kirsimeti a Tsallake. An sa musu jajayen huluna, yaran wata coci sun zo sun yi waƙa. Orval ya cire tasa ya zauna a kanta.

Kullum ina zuwa tun safe sai an kore ni. Makon farko yana ta cewa lafiya lau. Yau bayan yaran sun tafi ya kama hannuna ya ce, "Na yi kuskure, Verna." Ya ce mutumin ɗakin kusa yana kiran uwarsa wuni guda. Ya ce ba ya iya zuwa banɗaki sai ya danna ƙararrawa ya jira, wani lokacin har ya makara. Ya ce Harlan ya daina tsokana, ya daina ma fitowa. "Gara in kwanta a ƙasan ɗakina. Ki fitar da ni."

Da wata rana ce da na ce ai na gaya maka. Ban ce ba. Na yi masa alkawari zan riƙa zuwa ofishin Tillery har sai ta gaji da ganina.

Laraba, 8 ga Janairu

Dusar ƙanƙara ta rufe motocin da yake kallo.

Ina cika alkawari. Duk safiya sai na tsaya a ƙofar Tillery kafin in ƙetara. Har ta daina ce min in zauna. Ba na jin za ta yarda, ban taɓa ganin wanda ya dawo ba, amma in ya tambaya ina da abin faɗa.

An sa wasu sababbi a teburinmu, wata Ardis da ƙanwarta, daga Eau Claire. Masu surutu ne. Bernice ta ja ni wasan karta ranar Litinin, na ce ba na so, na je. Na ci su duka.

Bayana ya daina ciwo. Jiya na karɓi miyar wake a ƙasa, da cokali, na shanye. Kuma ina barci. Ban san rabona da barcin da ba na kasa kunne ba. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Talata, 14 ga Janairu

Yau Tillery ce ta kira ni ciki ta rufe ƙofa.

Ta ce sabon maganin da likita ya sa shi ya karɓe shi, ƙafarsa ta ɗan tsaya. Ta ce sun tattauna, ba su saba yi ba, amma za su iya gwada dawo da shi ɗakinmu na wata guda. Mai taimako zai riƙa zuwa safe da yamma. Sauran wunin, da dare, ni ce. Kuma in ya faɗi, igiya. Ta ce, "Zai sake faɗuwa, Misis Halvorsen, ba zan yi miki ƙarya ba. Ciwon ba ya komawa baya. Ba mu gaya masa ba tukuna, don ke za ki ɗauka. Ke muke jira."

Abin da na yi mako uku ina roƙo ke nan. Na jira in ji farin ciki. Sai bayana ya amsa tun ban ɗaga komai ba.

Na ce zan yi tunani. Ta dube ni, ba murmushi, ta ce in ɗauki lokacina.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na je na wuni. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Mun kalli wasa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Bayan coci na ƙetara. Na tarar ya yi aski da kansa, ya yanke a haɓa, yana ta alfahari. Ya miƙe ya taka daga gado zuwa taga ba dogarawa don in gani. Ya ce, "Kin gani? Ki gaya wa matar nan." Sannan ya zauna yana haki ya ce, "Me ta ce wannan makon?"

Na ce, "Ta ce ba yanzu ba."

Ya jinjina kai. Ya daɗe yana kallon motocin. Ya ɗora hannunsa mai rawa a kan nawa ya ce, "Kin yi iya ƙoƙarinki, tsohuwa. Kada ki kashe kanki a kansu."

Ban ce wa Tillery a'a ba. Ban ce komai ba tukuna, tunani nake yi. Na dawo da wuri yau don na gaji.

Gobe motar gidan za ta kai mutane kasuwa. Ardis ta ce in zo, na sa sunana.